ADDU'A A BAKI, ALGUS A MUDU

Tun kafin tafiya ta yi nisa gara in fito muku a mutum, wannan rubutu ba na lallashi ba ne, faɗa zan yi, kuma da 'yan gidanmu zan yi shi. Ni Kirista ne ɗan Kirista, a Sabon Garin Kano aka binne cibiyata, a nan aka yi mini baftisma, a nan kuma nake neman abincina. Don haka duk wanda maganar ta soka kada ya ce wani bare ne ya zo yana ci wa addininmu mutunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ni kuwa ruwan a kan shimfiɗata yake ɗiga.

Ga abin da ya tunzura ni har na ɗauki biro. Akwai wani dattijo a Fagge, tsohon tela, aminin marigayi mahaifina, mun tashi muna kiransa Baba Alhaji. Hawan jini ya sa shi a gaba. Wata rana ya aika aka kira ni, ya miƙo mini takardar likita da kuɗi ya ce, "Ɗana, maganin nan nake so ka sayo mini a wajen mutanenku. Yaran nan in na aike su ban san abin da za su kwaso ba. Kai kuwa ka san na kirki, wanda kuke zuwa coci tare." Na ce, "An gama, Baba." Har wani daɗi na ji a raina, wai an yaba mana.

Ban zarce ko'ina ba sai kemis ɗin wani ɗan'uwa, mutumin da in ya tashi yin addu'a ranar Lahadi har mata sukan yi hawaye. A saman shagonsa sunan Allah ne a rubuce ɓaro-ɓaro, a kan kanta ga Littafi Mai Tsarki a buɗe. Ya ɗauko kwali ya ce, "Ɗan'uwa, wannan shi ne na ainihi, Allah ne shaidata." Na biya ko tayawa ban yi ba.

Mako uku bayan nan Baba Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a bakin kekensa. A asibiti aka ce a kawo maganin da yake sha. Mai harhaɗa magunguna ya juya kwalin, ya kankare shi da farce, sai ga tsohon rubutu a ƙarƙashin sabo. Ashe wa'adin maganin ya daɗe da ƙarewa, an liƙa masa sabuwar rana. Na koma wajen mutumin nan jikina yana rawa. Kun san abin da ya ce mini? Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, ni ma haka na saro shi, ka san kasuwa. Kawo hannunka mu yi addu'a Allah Ya tashi kafaɗarsa." Na fizge hannuna. A rayuwata ban taɓa ƙin addu'a ba sai ran nan, kuma har yau ban yi nadama ba.

Da na je gaida Baba, bakinsa ya karkace, da ƙyar maganar take fita, ya ce, "Kada ka damu ɗana, ai ba kai ka yi ba. Sai dai zamanin mahaifinka in ɗan mishan ya ce abu fari ne, ba ma sake dubawa." Jama'a, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bari in ɗan koma baya, don yaran yanzu su san tsadar abin da muke wasa da shi. A 1900 ne Bishop Tugwell da tawagarsa, cikinsu har da Likita Mila wanda daga baya ya zauna a Zariya da Wusasa, suka iso Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ce su tattara su bar masa gari. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, wajen 1913 kuma aka yanka Sabon Gari domin baƙi, wato akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da na ƙasar da yanzu ake kira Gana. Turawan mulki kansu ba su bar 'yan mishan sun yi wa'azi a cikin birni ba. To da me addinin nan ya sami ɗan mutuncin da ya samu? Ba da lasifika ba ne. Da aiki ne. Asibitin Ido na ECWA da mishan ɗin SIM ta buɗe a 1943, mutane suna zuwa masa daga Nijar da Cadi, ba wai don suna son canza addini ba, sai don sun yarda abin da aka faɗa musu a can shi ne gaskiya. Iyayenmu da suka sami Littafi Mai Tsarki cikin harshen Hausa a 1932, da yawansu ba su da ko keken hawa, amma ana ba su ajiya a kwana da ido biyu a rufe.

Baƙo ba shi da gonar gado, ba shi da sarauta, ba shi da dangin da za su tsaya masa. Jarinsa ɗaya ne tak, amana. Haka Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru, ana ba da kaya bashi a kan kalmar baki, domin kowa ya san ranar da ya ci amana kasuwarsa ta mutu. Mu ma a nan haka iyayenmu suka zauna. Wannan jari shi ne muke cinyewa yau, muna sha da romo, muna cewa Allah ne Ya buɗa mana.

Daɗin daɗawa, ku tuna inda muke zaune. A watan Oktoba na 1991, da aka shirya taron wa'azin Reinhard Bonnke, ɗan ƙasar Jamus, aka manna takardu ko'ina ana tallar mu'ujiza, kowa ya san yadda aka ƙare. Taron bai yiwu ba, gari ya kama da wuta, an yi asarar rayuka da dukiya mai yawa daga kowane ɓangare. Ba na kare waɗanda suka zubar da jini, Allah Ya isa tsakaninsu da bayinSa. Abin da nake so mu gane shi ne, mutumin Fagge ko na Kurna ko na cikin birni ba zai taɓa shiga cocinka ya ji wa'azin fastonka ba. Amma kullum yana shiga shagonka. Bai san Matiyu ba, bai san Luka ba, kai ya sani. Mudunka shi ne wa'azin da yake ji, sikelinka shi ne Linjilar da yake karantawa. In ka cuce shi, ba zai koma gida ya ce wane ya cuce ni ba, cewa zai yi, "Ka ga halinsu ko?" Ka ci naira ɗari biyar, ka bar wa Yesu Almasihu bashin zagi.

To mai karatu, zo in riƙe hannunka mu zaga ranar Litinin. Mu fara da 'Yankura. Ga wata uwa 'yar Zumuntar Mata, jiya ta sha anko tana kaɗa shantu a gaban ikilisiya, yau ga ta da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, na sayarwar an bubbuge masa gindi ya shige ciki. Ga mai manja ya zuba masa kala don ya yi jawur. Ga shinkafa 'yar gida an juye ta a buhun 'yar waje an ɗinke baki. Mu shiga layin masu kayan gyaran mota da na lantarki, ga jabu a cikin kwalin na ainihi, mai shago yana rantsuwa har da ɗaga yatsa sama, alhali wayar nan ita ce gobe za ta ta da gobara a gidan mutane, burkin nan shi ne zai tsinke da fasinja a hanyar Zariya. Mu leƙa wajen tela, ya karɓi ɗinkin Kirsimeti na gida goma alhali ya san na uku kawai zai iya, kullum "gobe da yardar Allah." Mu je makaranta mai sunan waliyyi a ƙofa, lokacin jarrabawa ana karɓar kuɗin "taimako" ana rubuta wa yara amsa a allo, bayan an buɗe taron da addu'a. Mu je ofis, an sayi kaya na dubu hamsin an ce a rubuta rasit na dubu tamanin. Mu koma gida, an zagaye mita ana shan wutar sata, kuma da wutar nan ake kallon wa'azi a talabijin.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na yaran shago. An ɗauko yaro daga ƙauye yana ɗan shekara goma sha uku, an yi alkawari a gaban iyayensa cewa in ya yi shekara shida ko bakwai za a sallame shi da jari. Ya yi shara, ya yi dako, ya yi wanki, ya kwana a kan kwali. Saura wata uku a sallame shi, sai uban gida ya wayi gari ya ce kuɗi sun ɓace, yaro ɓarawo ne, a kore shi da jakar leda. Ranar Lahadi uban gidan nan shi ne a kujerar gaba. Ka je ka karanta sura ta 5 ta wasiƙar Yakubu ka ga abin da aka ce game da haƙƙin ma'aikaci da aka danne, da kuma kunnen da kukansa yake kaiwa.

Kada wani ya ce na yi kuɗin goro. Na san akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinmu, zan ma zo kansu. Kuma ba maganar ƙabila nake yi ba, domin na ga wannan hali a wajen Bahaushe Kirista irina, na gan shi a wajen ɗan Kudancin Kaduna, da ɗan Filato, da Ibo, da Bayarabe. Na kuma san a Kantin Kwari da Singa akwai masu carbi a hannu suna yankan kai, amma wannan aikin malamansu ne, kuma ina jin su a rediyo suna ragargazar masu tauye mudu. Ni tsakar gidanmu nake sharewa.

Yanzu bari mu zo kan uzurorin da ake kawowa, don na sha jin su har na haddace.

Na farko, wai kasuwa daban coci daban, kowa ma haka yake yi. Yo in haka ne, Allahn Lahadi ne kawai muke bauta wa ke nan? Da an yi albarkar rufe sujada sai Ya zauna a coci a kulle Shi da kwaɗo sai wani mako? Wannan tunani ba sabo ba ne. Annabi Amos, ƙarni takwas kafin haihuwar Almasihu, ya yi fama da 'yan kasuwa masu kiyaye ranar hutu amma hankalinsu yana kan yaushe za ta wuce su koma su rage mudu, su murɗe ma'auni, su haɗa hatsi da ƙaiƙayi su sayar wa talaka. Duba sura ta 8 ka ga ko Allah Ya karɓi sujadarsu. Da Yahaya Maibaftisma ya yi wa'azin tuba, masu karɓar haraji da sojoji suka tambaye shi abin da za su yi. Bai ce su ƙara kwanakin azumi ba, bai ce su yi kwanan coci ba. Masu haraji ya hana su ƙari a kan abin da aka yanka, sojoji ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Tuba a wajen aiki take bayyana.

Na biyu, wai ta wurin alheri aka cece mu ba ta wurin ayyuka ba. Gaskiya ne, ni ma a kan haka na tsaya. Amma sura ta 2 ta Afisawa da ake fakewa da ita, in ka daure ka ƙara aya ɗaya gaba, za ka tarar an cece mu ne domin mu yi aikin kirki. Alheri sabulu ne na wanke mai datti, ba lasisin komawa kwata ba ne. Wanda ya ce ya sami sabon rai amma tsohon mudunsa yana nan, to a binciki sabon ran nan, wataƙila shi ma jabu ne a kwalin na ainihi.

Na uku, wai rayuwa ta yi tsada. Wannan kam ba ƙarya ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya ji a jikinsa, ni ma ina da iyali, na san kuɗin haya da na makaranta. Amma tsaya, wa kake cuta? Gwamnati kake cuta? Wanda ya zo sayen rabin mudun gari a wajenka ai ya fi ka shiga uku. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi ɓatan dabo, da idona na ga ɗan ƙungiyar mawaƙan coci da na'urar POS yana zaftare wa tsohuwa dubu biyu a cikin dubu goma, ya dawo yana ba da shaida wai Allah Ya tuna da shi a lokacin yunwa. Allah bai tuna da tsohuwar ba ke nan? In farashi ya tashi ka faɗi farashin gaskiya, mai saye ya saya ko ya ce albarka. Tsada ba zunubi ba ce, ha'inci ne zunubi.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne ƙarfi, wai ana tsananta mana a garin nan, bai kamata in tona mana asiri a gaban waɗanda ba sa ƙaunarmu ba. 'Yan'uwa, ban manta ba. Ban manta bam ɗin tashar New Road na watan Maris 2013 ba, ban manta wanda aka jefa a cocin Katolika na St. Charles a watan Yuli 2014 mutane suna fitowa daga sujada ba. Na san wahalar samun filin gina coci. Amma wane asiri ne ya rage? Wanda ka sayar wa jabu ai ya riga ni sani. Manzo Bitrus, wanda ya rubuta wa Kiristocin da suke cikin wuta fiye da tamu, ya bambanta musu wahala iri biyu, ta wanda ya sha don sunan Almasihu da ta wanda ya sha don sata ko mugunta, ya ce ta farkon ce kawai abin alfahari. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani sama da 1,000 a Sabon Gari da kewaye, suka ce a koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro. Masu shagunan akwai Musulmi akwai Kirista, akwai kuma masu gaskiya da abin ya shafa. Amma kafin mu yi kukan tsanani, mu tambayi kanmu, da wa aka gina sunan da kasuwar nan ta yi? Lokacin da BBC ta fito da binciken kodin a 2018 har gwamnati ta haramta shi, yaran da suka haukace a Kano daga sama kwalaben suke faɗo musu?

Na biyar, wai ai ina fitar da zakka da baiko. To madalla. Sai dai Allah ba ɗan sandan kan hanya ba ne da za ka miƙa masa na goro ya ɗaga maka shinge. Yesu da kansa ya koyar cewa in ka kawo baiko ka tuna akwai wanda yake da ƙara a kanka, ka ajiye baikon ka je ka shirya da shi tukuna. Muna son maganar zakka, amma ba ma son halin Zakka, guntun mutumin nan na Yariko mai karɓar haraji, wanda da Yesu ya shiga gidansa ya yi alkawarin raba rabin dukiyarsa ga matalauta, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Sai bayan nan aka yi shelar ceto ya sauka a gidan. Hananiya da Safiratu kuwa baiko suka kawo, ba kaɗan ba, ƙaryar da suka haɗa da shi ce ta kai su kabari.

A nan dole in juyo kanku, iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, tare da girmamawa. Ku ne kuke ba irin waɗannan mutane kujerar gaba. Mutum ya zo godiya da ƙatuwar ambulan da buhun shinkafa, ba wanda zai ja shi gefe ya ce, "Wane, albashinka mun san shi, wannan fa daga ina?" A 2016 da kunnena na ji ana ba da shaida a kan MMM, wai an sa kuɗi sun haihu kashi 30 cikin 100 a wata ɗaya, ana tafi ana haleluya. Da watan Disamba ya zo aka rufe asusun mutane, waɗanda suka yi tafin suka yi tsit, gwauraye da 'yan fansho suka kwana a ciki. Mun mayar da addu'a kamar laya. A yi kwanan coci ana ɗaure maƙiya, ana ƙona mayun ƙauye, ana farfasa ƙofofin arziki, amma ba wanda zai tashi ya ce a yi addu'a Allah Ya ɗaure hannuna daga haram. Annabi Ishaya a surarsa ta farko ya nuna akwai hannuwan da in an ɗaga su sama Allah kau da kai Yake yi. Ba ƙarar murya ce take kai addu'a sama ba. Wani maƙiyin da kake ta ɗaurewa tun tsakar dare, in ka duba madubi za ka gan shi.

Wani zai ce, to mai gaskiya ai yunwa za ta kashe shi. Bari in ba ka labarin waɗanda ba ta kashe ba. A Ingila, a ƙarni na 17, akwai wata ɗariƙar Kirista da George Fox ya kafa, ana ce musu Kwekas. Sun ƙi yin rantsuwa ko a gaban alƙali, har ana ɗaure su a kan haka, domin sun ce mai gaskiya ba ya bukatar rantsuwa. A kasuwa kuma farashi ɗaya suke faɗa. Da farko masu saye suka guje su, daga baya da aka gane ko yaro ka aika ba za a cuce shi ba, sai ciniki ya koma wajensu. Daga cikinsu aka sami waɗanda suka kafa bankin Barclays, wanda reshensa na nan ƙasar ya zama Union Bank, da kamfanin Cadbury mai yin Bournvita. A Ruwanda da Yuganda kuma, farkawar da aka yi daga shekarun 1930, alamarta ita ce mutane suna mayar da kayan da suka sata suna biyan tsofaffin basussuka. Wannan ita ce farkawa, ba faɗuwa ƙasa ana birgima ba.

A nan gida ga Dora Akunyili, 'yar Katolika. Tana aiki a PTF aka ba ta kuɗin zuwa Landan a yi mata tiyata, likitoci suka ce ba ta bukata, ta dawo da fam 12,000 ta mayar wa hukuma, alhali ba wanda zai sani. Wannan gaskiya ce ta sa aka ba ta NAFDAC a 2001. 'Yar'uwarta ta rasu a 1988 sanadin allurar ciwon sukari ta jabu, don haka ta san zafin abin. A watan Disamba na 2003 aka harbi motarta, harsashi ya huda ɗankwalinta, ba ta fasa ba. Ba na ce gaskiya ba ta da tsada ba, tana da shi, amma ga shi ta rasu tun 2014 har yau ana sa mata albarka a masallaci da coci. A 2023 kuma a nan Kano wani matashi Musulmi mai tuƙa Adaidaita Sahu ya mayar wa wani ɗan kasuwa daga Cadi kuɗi kimanin naira miliyan 15 da ya manta a kekensa. Da na ji, tambayar da na yi wa kaina ita ce, da a shagon ɗan'uwan nan mai kemis aka manta su fa?

Na yi alkawarin zan zo kan namu na kirki. Ranar Asabar 26 ga Maris 2016, ana gobe Ista, gobara ta cinye kasuwar Sabon Gari, shaguna wajen 3,800 suka tafi. Tare da kaya, littattafan bashi ma sun zama toka. A nan aka gane wane ne wane. Na san wanda ake bi kuɗi masu yawa ya ce a kawo takarda. Na kuma san wata gwauruwa mai sayar da abinci, wadda ko karatu ba ta iya ba, ta nemi wani Alhaji da yake ba ta shinkafa bashi har gidansa ta ce, "Alhaji, littafinka ya ƙone amma nawa yana nan a kaina, buhu biyu da rabi kake bi na." Ta riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta gama. Ban taɓa jin muryar matar nan a taron addu'a ba, can baya take zama. Amma in ana neman mai bishara a Kano, ni ita zan nuna.

To me ya kamata mu yi? Ba wani abu mai wuya ba ne a fahimta, a aikata ne yake da wuya. Kafin ka miƙa hannu ka karɓi Jibin Ubangiji na gaba, zauna ka rubuta sunayen waɗanda ka ci haƙƙinsu, ka bi su ka biya, in ba ka da shi ka je ka faɗa musu ku yanka lokaci. Mai mudu biyu ta jefar da ɗaya. Mai kayan jabu ya faɗa wa mai saye cewa wannan ƙarami ne, wannan babba ne, ga kuɗin kowanne, in kuwa abin da zai taɓa rai ne kamar magani, ya ƙone shi ya ɗauki asara. Mai yaro ya sallami yaronsa. Zumuntar Mata da ta Maza su sa wannan magana a cikin tsarin taronsu kamar yadda suke sa maganar anko da gudummawa. Fastoci su ware Lahadi ɗaya a ce yau ba shaidar mota ko ta biza, sai shaidar wanda ya mayar da abin da ba nasa ba. In kuwa ka san ba za ka iya ba, to don girman Allah ɗauki tsani ka goge sunanSa daga allon shagonka, ka sa naka. Ka yi cutarka da sunan ubanka.

Baba Alhaji yana nan da rai, sai dai ɓarin jikinsa na hagu bai dawo ba, keken ɗinkin an lulluɓe shi da tsohon zane. Har yanzu ni yake ba kuɗin magani in sayo masa, don ya ce ba ya so in ga kamar ya riƙe ni a zuci. Amma duk ran da na kawo sai ya ce, "Sannu ɗana, Allah Ya yi albarka. Ba yaron nan ya kai asibiti a duba mana tukuna." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, don na san ba ni kaɗai ake kaiwa a duba ba.

Wanda ya ji haushina ya yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta, kuma ni ma da nake rubutun ban fi ƙarfin a bincike ni ba. Allah Ya ba mu ikon gyarawa tun muna da sauran numfashi, Ya sa abin da bakinmu yake faɗa ranar Lahadi ya zama shi hannunmu yake aunawa ranar Litinin. Amin.